Faffaɗan Tayoyin Hamma Buba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Hamma Buba a Sabon Layi da mota, ko da babur, kai ko da keke, ya san ba a gaisawa da shi kai tsaye. Sai ya fara gaisawa da tayarka. Kana miƙo hannu kana sallama, shi ya riga ya tsuguna, ya buɗe taƙinsa a kan robar yana aunawa. In ya gama sai ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya dube ka da irin tausayin da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ya ce, "Da wannan siririyar abar ka zo tun daga can? Allah ya tsare ka. To, ina gajiya?"

Limamin unguwa ma bai tsira ba. Ranar da ya zo a kan kekensa, Hamma ya kama tayar da yatsa biyu, ya girgiza kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, yau na ƙara yarda addu'a tana aiki."

Ni ne Sa'adu, ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku da kuka san mu kun san halinmu ba ɗaya ba ne. Aikina na yi a tashar motocin Gella, ni ke tsara layi, wa zai yi lodi yanzu, wa zai bi bayansa, kuma ban taɓa barin wani ya tsallake wani ba. Don haka zan faɗi abin nan bi da bi yadda ya faru, ba yadda ake ba da shi a majalisa ana sa ƙarshe a farko ba.

Hamma yana da a-kori-kura tsohuwa, da ita yake ɗauko masara da wake da gyaɗa daga Bahuli zuwa kasuwa. Ba shi da wata sana'a, ba shi da wani abin hira. Ranar da bai tuƙa ba, abinci ma ba ya shiga. Sitiyarinta irin na da ne, babu injin da ke taimaka maka, damtsenka ne kawai. Wata rana ya je faci wurin Vandi, mai facin nan na bakin titi ɗan dutsen Michika, ya ga tayoyi huɗu da rim ɗinsu da aka cire daga wata ƙatuwar jif. Kowace ɗaya faɗinta kamar turmi. Nan ya tsuguna, bai tashi ba sai da suka zama nasa.

Vandi da kansa, mai sayarwa, ya ce, "Baba, wannan taya ya fi ƙarfin motan ka fa."

Hamma ya ce, "Kai aikinka ɗaurawa."

Aka kira ni. Na zo na duba, na ce, "Hamma, ka saurare ni. Na farko, taya mai faɗi tana kama ƙasa da yawa, duk abin da ta kama kuwa hannunka ne zai juya shi. Na biyu, ta fito waje ta wuce jikin motar, in ka sha kwana za ta gogi ƙarfe. Na uku, yau kana da ƙarfi. Ranar da ƙarfin ya tafi, ko dai a cire tayar nan, ko a cire ka daga motar."

Ya ce, "Ka gama?"

Na ce, "Na gama."

Ya ce, "Ka taɓa ganin raƙumi da ƙafar akuya? Vandi, ɗaura!"

Rigimarmu ke nan da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ba mu taɓa yin wata ba.

Abu na biyun da na faɗa shi ya fara faruwa, a ranar ma. Lungunsu matsattse ne, kafin ka shiga ƙofar gidan sai ka karya sitiyari har ƙarshe. Ya karya, bai kai rabi ba muka ji ƙurrr, taya ta kama ƙarfe. Ya yi ribas. Ya yi gaba. Ya yi ribas. Zufa ta jiƙa rigarsa, maƙwabta suka fito da benci suka zauna. Matarsa, Adda Dudu, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Malam, shiga za ka yi ko fita?"

"Shawara nake yi!"

Motar a waje ta kwana. Washegari da na biyo sai na tarar da magini da guduma, an rushe gefen katanga, an haɗa da rabin akurkin kajin Adda.

Na ce, "Hamma, katanga ka rushe saboda taya?"

"Tayar ba ta da laifi. Wanda ya gina ƙofar ne ba shi da hangen nesa."

"Kai ka gina ta!"

"Lokacin ina yaro."

Vandi ya yanke ƙarfen saman tayoyin, duk da haka ba ta daina goga ba. Tun daga nan motar Hamma ba ta juyawa a tsakiyar titi. In ya wuce inda za ka sauka, sai ka haƙura ka bi shi har filin ƙwallo, inda akwai sararin da zai zagayo. Mutane sun sha zuwa unguwar da ba su yi niyya ba.

Sai maganar sanin hanya. Taya mai faɗi tana da wani hali: in ta sami kwari a hanya, irin wanda manyan motoci ke haƙawa da nauyinsu, sai ta faɗa ciki ta bi shi, ta fizge sitiyarin daga hannunka. Kowane direba ya san wannan aibi ne. Hamma shi kaɗai ya ce baiwa ce. Wai motarsa ta san hanya. Yakan sassauta hannu ya ce da fasinja, "Ka gani? Ba ni nake tuƙi ba."

Da 'yarsa Hauwa ta haihu a Gella, ya kwashi matan gida ranar suna, Adda Dudu da ƙawayenta, an sha kwalliya, an zauna a baya a kan tabarma da kwanukan cincin. Ina gaba tare da shi. Mun zo daidai mararrabar da tireloli ke karyawa su shiga kasuwar shanu, sun haƙa kwari biyu kamar layin dogo. Motar ta faɗa ciki. Na ce, "Hamma, miƙe!" Ya ja, ta ƙi. Ya sake ja, ta ƙi. Ba mu tsaya ba sai a tsakiyar kasuwa, bijimai na leƙo mu ta taga.

Wani dillali ya biyo mu da gudu yana dukan jikin motar, ko duba bayan bai yi ba, yana ihu, "Baba, shanu ne ko tumaki?"

Adda Dudu ta miƙe tsaye ta ce, "Uwayenka ne!"

Kai! Ranar na so ƙasa ta buɗe. Shi kuwa Hamma ya kashe mota, ya gyara hula, ya sauko a natse kamar nan ya nufa tun farko. Ya ce, "Motar nan ta fi ku tunani. Na ga ragon da surukina ya saya. Kyanwa ta fi shi ƙiba." Ya shiga cikin tumaki ya zaɓo rago, aka ɗora shi cikin mata. Kafin mu kai Gella ya cinye cincin kwano guda, ya haɗa da gefen mayafin Adda. Ba ta yi masa magana ba har aka watse.

Ramin hanya ma haka. Abin da siririyar taya za ta wuce salin-alin, tasa sai ta dawo da dukan cikin sitiyari. Sau ɗaya sitiyarin ya fizge har ya gurɗa masa babban yatsa. Daga nan ya koma tuƙi da manyan yatsu a ɗage sama, ba ya sa su ciki. Mutanen gari suka ɗauka jinjina yake musu. Sai ka ga wanda bai taɓa sani ba yana ɗago masa yatsa daga bakin titi. Ya ce min, "Ka ga farin jini?"

Na ce, "Na ga targaɗe."

Da damina kuwa sai addu'a. Siririyar taya tana yanka taɓo ta sami ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Tasa sai ta zauna a saman taɓon kamar faranti. Wata rana muna kan hanyar Bahuli bayan an ɗauke ruwa, na ji bayan motar yana son ya riga gabanta.

"Hamma, birki!"

"Na taka, ba ta ji ba!"

Ta juya da mu a hankali, ba gaggawa, muna kallon gonaki suna wucewa, har ta tsaya tana fuskantar Mubi inda muka fito. Na riƙe ƙofa ina salati. Hamma ya leƙa ta taga, ya dubi gaba, ya dubi baya, sannan ya ce, "Ba kun ce ba ta iya juyawa a tsakiyar hanya ba? To ga shi nan, a wuri ɗaya ma."

Amma ni ba na tauye wa mutum gaskiyarsa. A kan busasshiyar kwalta motar tana riƙe hanya, tana shan kwana mai faɗi ba ta tangaɗi. Kuma akwai ranar mayo, wato kogin nan namu. Da rani ne, ruwan ya ƙafe sai yashi, gada kuma ana gyara, dole kowa ya bi ta ƙasa. Ƙananan bas suka nutse har ciki, fasinjoji suka sauka suna turi, direbobi na haƙa da hannu. Hamma ya zo ya sa giya, ya bi ta gefensu, ya ƙetare kamar a kan tabarma. Wallahi da idona na gani. Da ya kai can sai ya zagayo, ya sake ƙetarowa. Ba abin da ya manta. Ya sake komawa, yana danna hon. Sai da ya gaji sannan ya ciro igiya ya shiga janyo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma kafin a ɗaura masa igiya sai ya tsaya an auna tayarsa a gaban jama'a.

Wannan rana ɗaya ita ya ci har ya tsufa. Ka ce motar tana shan mai kamar rijiya, ya ce, "Ranar mayo kana ina?" Vandi ya ce boris ɗin taya ya sake cinyewa, ya ce, "Ranar mayo kana ina?" Adda ta ce ya daina ƙara gishiri a miya, ita ma haka ya ce mata.

To, abu na uku ya zo, kamar yadda na faɗa, kuma ban so ya zo ba. Kafaɗa ta fara. Kullum da yamma Adda na shafa masa man zafi, yana cije baki yana cewa iska ce. Ya fara shan kwana da dukan jikinsa, yana tashi daga kujera. Ran nan ya zo kwanar famfon unguwa, ya ja, hannun ya ƙi. Motar ta miƙe ta shiga tarin itacen wata mai ƙosai. Ba wanda ya ji ciwo. Amma layin masu ɗiban ruwa yana nan kusa, yara ne mafi yawa, kuma shi ma ya gan su.

Adda Dudu ta zare makulli ta ƙulle a bakin zaninta, ta aika a kira ni. Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, an ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Vandi ma ya zo, yana cewa, "Baba, ƙananan taya yana nan, ni zan ɗaura maka, ba sai ka ba ni komai ba."

Adda ta ce, "Sa'adu, kai yake jin kunya. Ka yi masa magana. Ni ba zan zauna ina jiran a zo min da labari ba."

Na zauna a gabansa. Na ce, "Hamma, hanya biyu ce. Ta farko, a cire tayoyin nan, sitiyari ya yi sauƙi, ka ci gaba da tuƙinka. Ta biyu, makulli ya zauna wurin Adda."

Ya ce, "Ranar mayo..." Bai ƙarasa ba. Ban taɓa jin bai ƙarasa ba.

Can ya ɗago ya ce, "Ta uku fa?"

"Babu ta uku."

"Akwai. Kai."

"Ni kuma?"

"Tunda ka bar tasha, me kake yi da hannuwan nan naka ban da nuna laifin mutane? Ka zauna kusa da ni. In mun zo kwana, mu ja tare."

Na ce wannan ba tsari ba ne, ba a taɓa yi ba, kuma hukuma ba ta san da shi ba. Na faɗi haka, na maimaita. Ya dube ni kawai, ga tuwo yana sanyi. Ni na san yayana. In aka cire tayoyin nan, an ce masa duk shekarun nan shirme ya yi. In aka karɓe makulli, an ce masa ya gama. Sai na ji bakina yana kafa sharaɗi: ba gudu, ba fita in hadari ya haɗu, kuma ya sanar da ni kwana tun kafin mu iso ta. Adda ta dube ni kamar ta rufe ni da duka. Ta kwance makullin ta ba ni, ba shi ba. Ya jawo kwanon tuwo.

Haka muka koma, tsofaffi biyu a kan sitiyari ɗaya. Ina zaune a tsakiya, giya na bugun gwiwata, hannuna na hagu a kan sitiyari. Shi ke da totur da birki da kuloci da hon, musamman hon. In mun doshi kwana sai ya ce, "Ja!" in ja. "Saki!" in saki. Sharaɗi na uku bai taɓa cika shi ba. Sai mun shiga kwanar yake sanarwa, wani lokaci ya ce hagu yana nuna dama.

"Hamma, wanne zan bi, bakinka ko hannunka?"

"Ka bi hanya mana! Ba ka da ido?"

Wani jami'i ya tsayar da mu a shingen bincike. Ya leƙo ya ga hannu uku a kan sitiyari. Ya ce, "Baba, a cikinku wane ne direba?"

Hamma ya ce, "Ni ne, ɗana. Ba ka san motocin zamani suna da injin da ke taimaka wa sitiyari ba? To nawa injin ga shi nan, da hularsa."

Yaron ya yi dariya har ya dafa mota, ya ɗaga mana hannu. Ni ban yi dariya ba a lokacin. Yanzu nake yi, ni kaɗai.

Ba mu taɓa buge ko kaza ba, wannan a rubuta. Kuma a cikin motar nan na ji abubuwan da ban taɓa ji daga bakinsa ba: yadda mahaifinmu ya goya shi zuwa kasuwa, irin waƙar da mahaifiyarmu ke yi in tana daka, wadda ni ban riska ba. Yana faɗa yana katsewa, "Ja!", ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da kaka ta bara muka je Bahuli ɗauko wakensa. Tun a hanya na lura hannuwansa suna kan sitiyari amma ba abin da suke yi. Ko a miƙaƙƙiyar hanya ni nake riƙe da ita. Aka loda buhuna. Muka kamo hanya, ba mu yi nisa ba ya taka birki a gindin wata tsamiya, ya kashe mota. Ya daɗe yana kallon gaba.

Ya ce, "Sauka ka zagayo."

Na zagaya. Ya matsa zuwa inda nake zama. Tunda aka sayi motar nan ban taɓa ganinsa a wannan gefen ba. Na tayar, muka tafi. Sitiyarin kamar ana jan bijimi da igiya, sai ranar na san abin da ya yi ta fama da shi shi kaɗai. Da muka doshi kwanar shiga gari, na ga ya miƙo hannu ya ɗora kusa da nawa. Ya ce, "Ja." Muka ja. Hannun ba nauyi ko kaɗan, kamar an ɗora ganye.

Na shigar da ita gida. Ya zauna bai fita ba. Adda ta fito tana kallonmu daga ƙofar kicin, ta ga inda kowa ke zaune, ta juya ta koma ciki.

Ya ce, "Sa'adu."

"Na'am, Hamma."

"Ka kai ta wurin Vandi ya ɗaura mata ƙananan."

Na ce, "Bari sai ka warware, mu yi shawara."

Ya ce, "Ba shawara. Ni ina da kai. Kai ne auta, ba ka da ƙani. Wa zai ja maka?"

Bai sake shiga motar ba. Kafin a gama sussukar dawa ya rasu, a ɗakinsa, da rana tsaka, bayan ya yi azahar a zaune.

Na yi abin da ya ce, don ni ba na saɓa umarnin na gaba da ni. Vandi ya cire faffaɗan tayoyin yana share ido da bayan hannu. Duk abin da na yi shekaru ina faɗa ya tabbata. Tana juyawa a tsakiyar titi. Ba ta bin kwari. Ba ta shan mai. Da hannu ɗaya nake karya sitiyarin in kai wa Adda masararta. Gaskiyata ta fito ƙarara, kuma ban ji daɗin komai ba.

Allah ya jiƙan Hamma Buba, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa. Allah ya ba Adda Dudu haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya zaunar da ni kusa da yayana. Amin.